Burodin Kabewar Sahabi

A ambulan ta zo daga Italiya,
ƙwaya tara a ƙunshe cikin takardar magani,
da rubutun Sahabi mai kama da tonon kaza:
"Yaya, sunanta zukini. Ki shuka, ba ta da wuya."

Ni da gonata tsofaffin tayoyi huɗu ce
a bayan ɗaki, nan Aboabo,
inda indararo ke zubar da ruwansa.
Na cika su da ƙasa da kashin kaji,
na tura irin da ɗan yatsa, na ce Allah ya raya.

Biyar suka tsiro. Akuyar Malam Tijjani ta ci biyu.
Ukun da suka tsira,
da yake ruwan Kumasi bai san "ya isa" ba,
suka baje ganye kamar faifai,
suka yi fure ruwan ɗorawa,
suka shiga haihuwa ba wanka ba suna.
Yau kamar yatsa, gata kamar damtse.

Na sa a miya, yara suka tsame a gefen kwano.
Na kai wa Maame Pokuaa, ta juya, ta shinshina,
ta ce kokwamba ce da girman kai ya kama.
Na kai wa mai koko, ta ce na gode,
washegari na gan ta a bakin kwata.

To, ranar Asabar na ɗaura zane.
Na goge manya biyu a magogin kuɓewa,
na matse a farin ƙyalle
har koren ruwa ya bi mini gwiwar hannu.
Fulawa gwangwani uku, ƙwai biyu,
sukari, mai, ɗan gishiri, hodar tashi,
gyaɗar ƙamshi da kirfa da na sayo a Kejetia
wurin wata mai tsadar tsiya.
Nasiba ta leƙo cikin roba:
"Kaka, burodi ne ko kwaɗo?"
Na ce jeki ki hura gawayi.

Ba ni da oba.
Yashi na zuba a gindin babbar tukunya,
na ɗora kwanon ƙullu, na rufe,
na jera garwashi a kan murfi
yadda Inna ke yi ran jajibirin salla.
Sai jira.
Aka kira la'asar, na yi ta da rabin hankalina a murhu,
Allah ya yafe.

Ƙamshin ne ya fara tsallake katanga.
Gindi ya ɗan ƙone, tsakiya ta tsage,
amma na soka tsinke ya fito fes.
Cikinsa laushi, da ɗigon kore nan da can
kamar atamfar da ta sha wanki.

Maame Pokuaa ta ci yanka biyu a tsaye,
ba ta tambayi me ke ciki ba, ni ma ban faɗa ba.

Da dare na kira Sahabi.
Yana hutun aiki, hular sanyi har gira,
shekara goma sha ɗaya ban taɓa hannunsa ba.
Na kara yankan a fuskar waya.
Ya matso da hanci, ya tuna, ya yi dariya,
sai ya yi shiru.
Ya ce, "Ki bar ɗaya ta tsufa a jikin uwa, saboda iri."

Na bar ta. Tana can bayan ɗaki,
na kife mata kwando saboda akuya.