Tafinta

An miƙo mini takarda mai shafi tara,
aka ce, Ɗayyabu, ka mai da ita Hausa kafin Talata,
manoman Durum da na Dogo za su shigo Damagaram
su ji abin da ake kira sauyin yanayi.

Na zauna bayan gidanmu a Zango,
gindin dutsen da awaki ke hawa da la'asar.
Kalmar farko ta ƙi sauka.
Wai a raba yanayin yini da yanayin shekaru.
Na rubuta: na yini fushin mutum ne,
na shekaru kuwa halinsa.
Na kurɓi ruwan jarka, wanda bara bai kai wannan tsada ba.

Ta biyu, iskar da ke ɗumama duniya.
Hayaƙi ne da ido ba ya gani,
ya taru sama ya zama bargo,
zafi ya shigo ya rasa ƙofar fita.
Wa ya lulluɓe mu da bargo tsakiyar bazara?
Takarda ta ce ɗan Adam,
kamar dukanmu muka hura wutar.

Ran Talata fanka na juyi, an raba ruwan leda.
Na ce: ragewa, wato a rage hayaƙi.
Baba Tsalha ya ɗaga hannu.
Wanne? Na murhun ɗakina, ko numfashin jakina?

Na ce: daidaitawa, mutum ya sake salo tun da kiɗa ya sake.
Ya ce, yaro, geron da ubana ya shuka
wata huɗu yake nema, na bar shi tun kana goye.
Yanzu mai kwana saba'in nake bi,
ina haƙa rabin wata in tare ruwa,
in na yi sassabe ina tsallake 'ya'yan gawo.
Ashe abin yana da suna.

Juriya, na ce.
Matan layin baya suka yi dariya a cikin mayafi.
Laure ta ce, juriya
sunan da kuke ba yunwa ne in ba ta yi kuka ba.

Sai asara da ɓarna.
Nan ta miƙe tsaye, tana lanƙwasa yatsu:
katangar da ruwan dare ɗaya ya kwantar,
tumaki huɗu,
rijiyar da kakarta ta ɗebi ruwan aure a ciki,
yau sai guga ya dawo da yashi.
Yatsu suka rage, ta tsaya.
Akwai wata ciyawa, ta ce, mai ƙamshi bayan ruwan fari,
jikata ba za ta san sunanta ba.
A wane layi za ku sa wannan?

Kuɗin kabon na bari ƙarshe, don ni ma tsoronsa nake.
Itace na shan hayaƙin wasu, su kuma su biya.
Baba Tsalha ya daɗe yana shafa gemu.
Wato gawona ƙodago yake yi ban sani ba.
To, ina ladansa na shekara talatin?

Baƙon da ke gaban na'ura ya dube ni, me suka ce?
Na juya bakina, na nemi kalma a harshensa,
na ba shi rijiya, na ba shi tumaki,
ciyawar ta maƙale mini a wuya.
Na leƙa allonsa. Kalma uku ya rubuta:
al'umma mai rauni.

Muka fito, la'asar sakaliya.
Hadari ya haɗo ta wajen Miriya, baƙi, mai nauyi.
Laure, Tsalha, baƙo, direba, mai sayar da shayi,
kowa ya ɗaga kai.
Na naɗe takardata na sa aljihu.
Babu wanda ya waiwayo ya tambaye ni fassara.