Bayan Littafin Bashi

Littafin bashin babana ne,
mai jan layi, har yau yana ƙanshin goro.
Gaban shafi sunaye ne da sidi,
bayan shafi babu kowa.
Can nake zane tun shigowar kaka.

Kakar Kumasi da jiƙaƙƙiyar ƙafa take shigowa.
Ruwan la'asar ya sauko kan Aboabo,
ya daddaki kwanon rufi,
ya ɗauke kamar ba shi ba,
ya bar mini takarda lakwas,
fensir na nutsewa cikinta.

Ran Litinin na zana doya,
sabuwa fil, daga Techiman,
an jibge ta bakin titi da ƙasar gonarta.
Na ɗauka abin wasa ne.
Ashe kowace da irin tata karkatar:
wannan gwiwar tsoho,
waccan dunduniyar mai tafiyar ƙasa.
Har azahar ina kan guda uku.

Barikisu mai koko kuwa,
ludayi a sama, tururi ya cinye rabin fuskarta.
Ta leƙo ta ce, "Wannan hancin na wane ne?
Rage shi, ko ki biya ni ƙosai biyar."
Na rage.
Ta ce yanzu kuma ba ita ba ce.

Yaron mota ban taɓa gama shi ba.
Yana rataye a ƙofa yana kiran Kejetiya,
kafin in kai kafaɗa mota ta tashi.
Hannunsa kaɗai nake samu,
kuɗi a nannaɗe tsakanin yatsu.
Hannun nan sau tara a littafina,
mai shi ko sau ɗaya.

Da magariba jemagu sukan taso
daga itatuwan tsakiyar gari.
Ɗigo nake yi musu, ɗigo, ɗigo,
sai an kira salla in bar sauran a sama.

Sai Baba Mutawakkilu mai gyaran rediyo,
tabarau ɗaure da zaren ɗinki.
Na nemi izini, ya ce,
"Fuska ta gama aikinta, 'yata.
In za ki zana, zana masu aiki."
Na zana su:
jijiyoyi kamar saiwar rogo,
ƙunar dalma a babban yatsa,
ƙaramin noti a tafin hagu
kamar ƙwayar gero da ake tsoron ta faɗi.
Rediyon tana ta shaƙewa tana dawowa,
shi yana lallashinta ƙasa-ƙasa.

Juma'ar da ta biyo, benci ne kawai,
ruwa ya kwanta a inda yake zama.
Ban zana ba.

Bayan sadakar uku Zuwaira ta yi sallama,
idonta ja, muryarta a dushe:
"An ce kin ɗauki Baba a takarda."
Na buɗe mata. Ta daɗe tana kallo,
ta sa yatsa kan ƙunar nan,
ta ce, "Ranar ina riƙe masa fitila."

Zan yaga mata ne na juya shafin.
Ga rubutun babana, mai jingina dama:
Mutawakkilu, goro ƙwarya biyu.
Duk wanda ya biya an ja masa layi.
Shi ba a ja ba.
Shekara goma sha ɗaya suna maƙwabtaka a takarda,
bashin a gaba, hannayen yanzu a baya.

Ban ce mata komai ba.
Ni ce magajiya, fensir na hannuna.
Na ja.
Duk kakar nan ban yi layin da ya miƙe kamarsa ba.

Saura shafi goma sha huɗu.
Doya ta fara tsada,
hadari ya sake haɗowa ta wajen Asawase.
Gobe zan fita da wuri,
ko Allah zai sa in kai kafaɗar yaron nan.