Besbol ɗin Lahadi a San Pedro

Lahadi ni ne mai cafke,
Litinin mai walda.

Eladio ya baro tasha ta uku
yana tona jar ƙasa.
Ƙwallo bai iso ni ba,
sai na kauce, doka ta ce a bar hanya.
Shi ma bai kawo kafaɗa ba:
ya zame, ya shafi farantin da yatsu biyu.

Babana ya ja tsaki daga benci:
"Mu da ƙirji muka tsare gida!"
Na dubi hannunsa na dama,
shekara talatin bai kai kofin gahawa baki ba.

An ci mu da ɗaya.
Gobe da sassafe
Eladio zai kawo ƙyauren shagonsa in liƙe masa.