Wa Ya Auna Tiyar Fari?

Ran Lahadi a kasuwar Tawa
ubana Nomau yakan kife tiyarsa kafin ya zauna,
ya ƙwanƙwasa gindinta da ɗan yatsa
don mai saye ya ga ba a doke ta ciki ba.
Ina ɗan shekara tara na tambaye shi:
Baba, da me aka auna tiyarka?
Ya ce, da ta sarkin awo.
Ta sarkin awo fa?
Da ta wanda ya gada.
To, ta farin fa?
Ya ce, matsa, ka taka mini bakin buhu.

Shekara arba'in ke nan ban ɗaga ƙafa ba.

Na kai tambayar zauren Malam Illiyasu a Bilbis.
Ya ce, Allah ya hana tauye mudu, magana ta ƙare.
Na ce, na yi imani, Malam, amma
hanin ne ya sa tauyewa ta yi muni,
ko muninta ne ya sa aka hana?
Ya daɗe yana motsa tawada cikin kurtu,
sannan ya ce, wuta da zafi,
wa ya riga wani zuwa murhu?

Mushe Barmu na lakwal dariya ya yi.
Yarjejeniya ce, yaro, kamar dala da jikka,
mutane suka ce haka ne, ya zama haka.
Watan da albashinsa ya zo da giɓin jikka uku
na ji muryarsa tun daga titi.
Zalunci yake cewa.
Ban ji ya ce yarjejeniya ba.

Sai Tsahara, kurmar Koloma,
wadda wa'azi bai taɓa shiga kunnenta ba,
ba ta taɓa zama kan benci ba.
Shekarar da hatsi ya gagari talaka
Baba ya ɓata lissafi, ya zuba mata biyar a kuɗin huɗu.
Wanshekare ta dawo a ƙasa, rana tsaka,
da ƙulli a gefen zane.
Ta kwance, ta juye cikin buhu,
ta karkaɗe zanen,
ƙwaya ɗaya ta maƙale a zare,
ta tsince ta da farce.

Wa ya karanta mata?
Da wane harshe?

Yau tiyar tana hannuna, ta yi baƙi, bakinta ya lanƙwashe.
Ban gano ta farin ba.
Na dai san ranar da na rage hannu
tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro,
ko da ba wanda ya gani.

Jiya ɗiyata Habsu ta tambaye ni da me aka auna ta.
Na buɗe baki zan ce matsa,
sai na miƙa mata, na ce, cika.
Ta cika har ta yi tozo,
ta dube ni ta ga ko zan share kan.

Mai saye na jira.
Ban share ba.