Madubin Hange a Bakin Fadama

Da hantsi muka iso bakin fadamar Argungu,
ranar bikin tsuntsaye, rumfuna sun jeru,
Kulu jikata na riƙe da gefen rigata,
kuɗin fansho na wata biyu a aljihu, ɗaure da roba.

Arzika ya baje hajarsa a tabarmar kaba,
madubin hange iri-iri,
kamar kwaɗi sun fito shan iska, ido a ƙwale.
Ya ce, "Malam, gwada wanga,
sau goma sha biyu yaka jawo abu,
ko kaskar da ke bakin carki kana ganin ta."

Na ɗaga. Nauyi kamar ɗan dutsen niƙa.
Hannun da ya sha alli shekara talatin da biyar
ya soma rawa, duniya ta taya shi.
Zalɓe na tsaye cak a ƙafa ɗaya,
amma a idona tsalle yake
kamar wanda cinnaka ya samu a wando.
Na ajiye.

Na ɗauki ƙarami, ja kamar alewa,
kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba.
Balbela ɗaya ta zame mini biyu,
kowacce da bakan gizo a gefen fiffike.
Da ma an ce araha ba ta ado.

Na uku ba shi da wani kyan gani,
baƙi ne, fentin gefe ya goge,
sau takwas kawai, in ji mai shi, yana hamma.
Na kai shi ido a juye ban sani ba,
sai komai ya gudu ya bar ni:
rumfuna suka koma ƙwayar gero,
kogi ya zama zare,
wani masunci a kwalekwale, can, can,
ƙarami kamar tunanin da ya daɗe.
Na rantse tsayuwar babana ce, Nomau,
da gora a hammata, da homa a kafaɗa.

Shi bai taɓa sayen ido ba.
Fito kaɗai zai ji ya ce kirinjijiya ce,
nauyin fiffike ya ce dinya ta sauka,
ya hangi shamuwa ya ce a gyara jinka.
Ni na tafi makaranta na koyo sunan ƙasashe,
na dawo ban san maƙwabtan gidanmu ba.

"Kaka, ai ka juya shi!"
Kulu na dariya har da riƙe ciki.
Na gyara, na murza ɗan zoben tsakiya,
hazo ya yaye a hankali.
Ga wani tsuntsu ruwan ƙasa, mai dogayen yatsu,
yana taka ganyen bado ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsallaka sahun masallaci.
Na san shi. Baba ya faɗa mini sunansa.
Na laluba, na laluba, ba ya nan.

Nawa? Arzika ya faɗa, na taya,
ya ce albarka, na juya, ya kira ni.
Roba ta koma aljihu ita kaɗai.

Igiyar ta yi wa Kulu tsawo,
sai da na ƙulle ta sau biyu a bayan wuya.
Muka zauna a gindin giginya,
ita da gani, ni da abin da ya rage mini.
Ta ce baƙi da fari, yana ta masifa,
na ce zakaran ƙeƙuwa.
Ta ce mai jaka a ƙarƙashin baki,
na ce kwasakwasa, ki lura da kifinki.

La'asar ta yi, mutane na naɗe rumfa.
Ta yi shiru, ta daɗe.
"Kaka, akwai wani bayan burugu, dogo,
da tukku kamar an kunna ashana."
Rabona da gauraka tun kafin a haifi uwarta.
Ta miƙo mini. Ban karɓa ba.
Na ce kar ki motsa, kar ki ƙifta,
faɗa mini, me yake yi yanzu?