Tebur na Bakwai

Shekara talatin da ɗaya Baba yana ajiye mota
ƙarƙashin bedin nan na gaban gidan Garwashi.
Ya kashe inji, ya rage muryar rediyo,
maigida ya shiga, ƙamshi ya fito.
Hancinsa ya san gidan nan lungu-lungu,
ƙafarsa ba ta taɓa ƙetare dokin ƙofa ba.

Yau albashina na fari ya sauka.
Na ce, Baba, ɗauko shaddar nan mai ruwan toka.
Muka hau taksi daga Yantala,
yana baya, yana taka birki da ƙafar da ba ta da aiki.

Gidan ya girme ni, ya girmi kwaltar Filato.
Fanka na juyi kamar tsohuwa mai tuƙin tuwo,
zannuwan tebur farare, an sha yi musu ɗinki,
bango ya sha hayaƙi har ya koma launin shayi.
Ga hoton wani bijimin Azawak ya koɗe,
yana kallon masu cin jikokinsa.

Baba bai duba takardar abinci ba.
Ya nuna da haɓa: wancan, na jikin taga.
Tebur na bakwai.

Wani tsoho ya taho da tawul a kafaɗa,
ya buɗe baki zai ce mana sannu da zuwa,
sai maganar ta maƙale.
Nomau? Direban farar Fijo?
Baba ya ce, Alzuma, ashe ba ka mutu ba.
Suka yi dariyar da ta sa cokulan mutane tsayawa.
Shi ne mai zagayowa ta ƙofar baya
da ƙashi da ɗan tsoka cikin takardar siminti,
in dare ya yi nisa, manya sun manta da agogo.

Yaya za a gasa maka, da sauran jini ko sarai?
Baba ya ce, abin da ke zubar da jini bai gama mutuwa ba,
ku ƙarasa shi.

Naman ya zo yana tsuwa a kan faranti,
kauri kamar tafin hannun manomi,
zanen ƙarfe a bayansa, man shanu na gangarowa,
soyayyen dankali a gefe, ga yaji, ga albasa.
Wuƙa ta shige shi ba gardama.
Na zaci cokali mai yatsu zai ba shi kunya.
Ina! Ya riƙe shi a hagu, wuƙa a dama,
yadda ya gani ta gilashi dare dubu.

Loma uku, sai ya juya wajen taga.
Ya daɗe. Ya matso da fuska. Ya kāre ido da hannu.
Babu bedi, babu motoci, babu titi,
sai fitilun ɗaki da fuskarsa da tawa
suna yawo a kan baƙin gilashi.

Ya ce, Rabi'atu, ashe daga nan ba a ganin waje.

Shekara talatin da ɗaya ban jingina da kujera ba,
ban cire hula ba, ban bar gyangyaɗi ya ci ni ba,
wai kada ya ɗaga kai ya gan ni.

Ban sami abin cewa ba. Na tura masa yaji.

Ya cinye tas, har kitsen gefe,
ya suɗe romon da guntun burodi.
Lissafi ya zo a cikin ƙaramin akushi,
jika goma sha tara, na ƙirga sau biyu.
Alzuma ya raka mu har dokin ƙofa.

A gindin bedi wani yaro na zaune cikin mota,
baya a miƙe, ido a kan taga.
Baba ya ƙwanƙwasa masa gilashi da zobe:
Kai, kwantar da kujerar nan ka yi barci.