Ƙafar da Ba Ta Jin Kira

Tun da na faɗo daga rufin bene a Asawase,
laka ta tsinke,
ƙafafuna suka daina amsa sallamata.

Amma ƙarfe ukun dare
ta hagun kan tashi ita kaɗai,
ta sandare, ta shuri bango
kamar akuyar da igiya ta yi wa kaɗan.

Ranar farko Iya ta rangaɗa guɗa,
ta raba ƙosai har gidan Maame Serwaa.
Likita ya ce ba sauƙi ba ne,
jijiya ce ke sambatu.

Jiya ta kifar da kunu
a sabon wandon Mutaru.
Ya dafa gwiwata, ya danne har ta huce.
Ban ji hannun ba. Ganinsa kawai na yi.

Na fara jin yarenta:
in ta matsa da fizga, mara ta cika,
ko gyambo ya ɓuya a dunduniya.
Mukan ɗaure ta da tsohon gyale a jikin keke
kafin ramukan titin Aboabo.

An ce shure-shure ba ya hana mutuwa.
To ni ba mutuwa nake yi ba.
Kashe fitilar, Mutaru.
In ta tashi zan kira ka.